Rajistar Notari: Yadda Ake Rubuta Ta, Ake Kuma Adana Ta

Aikin notari, wato lauyan da aka naɗa don shaida sa hannu da rantsuwa a kan takardu, ba ya wuce minti goma ko sha biyar a kan tebur, amma rigimar da ke biyo bayansa takan taso ne bayan shekara bakwai ko goma. Dattijo ya zo da takardar wakilci, ya sa hannu, an buga hatimi, ya kama gabansa. Bayan rasuwarsa sai magada su ce sam mahaifinsu bai taɓa sa hannu a takardar nan ba, ko kuma su ce a ranar da aka rubuta yana kwance asibiti. Sammaci ya iso ofis. A lokacin notari ya ga dubban fuskoki, ba zai tuna wannan ba. Abin da zai ɗauka ya tafi da shi gaban alƙali shi ne rajistarsa, littafin da yake rubuta kowane aiki da ya yi.

A Najeriya Alƙalin Alƙalai ne ke naɗa notari daga cikin lauyoyi, Babban Magatakardan Kotun Ƙoli kuma ke riƙe da jerin sunayensu. Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Notari ta 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar. Nauyin hatimin kuwa daga Dokar Shaida ta 2011 ya samo ƙarfi: sashe na 122 ya sa kotu ta san hatimin notari ba sai an kawo mai tabbatar da shi ba, sashe na 150 kuma ya ce takardar wakilcin da aka sa wa hannu gaban notari, ya kuma tabbatar da ita, kotu za ta ɗauka haka aka yi. Wannan ɗauka ana iya rushe ta da hujja. Idan aka zo rushewa, shafin rajista ne ke tare ta.

Littafin da ya dace

Nemi littafi ɗinkakke mai bangon kwali, wanda in an yagi shafi za a gani. Fayil mai zobe da ake cirewa ana sakawa bai dace ba, domin lauyan ɗaya ɓangaren tambaya ɗaya zai yi: me zai hana a cusa wannan shafin jiya? Mai shafi 200 zuwa 300 ya isa. Kafin a fara aiki da shi, a bi shafukan a sa musu lamba tun daga farko har ƙarshe.

A shafin farko rubuta cikakken sunanka, lambar rajistarka ta Kotun Ƙoli, ranar da aka naɗa ka, adireshin ofis, ranar buɗe littafin da yawan shafukansa. Buga hatiminka a nan, ka sa hannu yadda kake sawa a takardu. Idan ka sake hatimi daga baya, buga sabon a ƙarƙashin tsohon tare da kwanan wata.

Notari ɗaya, rajista ɗaya. Ko ku uku ne a ofis, kowa da littafinsa, saboda naɗin na mutum ne, ba na ofis ba. Biro baƙi ko shuɗi na gama-gari ya fi alƙalamin da tawadarsa ke malala da zarar danshi ya taɓa ta. Fensir babu shi a wannan aiki.

Lambobi su tafi a jere cikin shekara: 2025/001, 2025/002, haka har Disamba. Lambar da ke rajista ita za a rubuta a jikin shaidar da ka yi wa takardar, ita ce a rasit, ita ce kuma a bayan fayil. Idan mutum ɗaya ya kawo takardu huɗu, lamba huɗu ke nan. Masu haɗa su a layi ɗaya da “takardu daban-daban” suna rage wa kansu rubutun minti biyu, su sayi wahalar da ba ta da magani, domin ranar da aka yi musun ɗaya daga ciki babu abin da zai nuna tana cikin huɗun.

Abin da kowane layi zai ƙunsa

Buɗe shafi biyu masu fuskantar juna ka ja layuka, ka bar wa kowane aiki fili mai faɗin yatsa uku ko huɗu domin sa hannu da dangwale. Ginshiƙan su ne:

1. Lamba.
2. Kwanan wata da lokaci, har da minti.
3. Wurin da aka yi aikin.
4. Irin aikin: rantsuwa, shaida sa hannu, tabbatar da kwafi, ko wani.
5. Sunan takardar, ranar da ke jikinta, yawan shafuka da yawan asalin da aka sa wa hannu.
6. Cikakken sunan mai sa hannu, adireshi, sana'a, da matsayin da ya sa hannu a kai: don kansa, a madadin kamfani, ko a matsayin wakili.
7. Abin da aka gane shi da shi.
8. Shaidu da tafinta.
9. Kuɗin da aka karɓa da lambar rasit.
10. Sa hannu da dangwale.
11. Ƙarin bayani.

Lokaci shi ne ginshiƙin da aka fi rainawa. Amma in mutum ya ce a ranar yana Legas, bambancin ƙarfe 9:10 na safe da ƙarfe 4:40 na yamma shi ke nuna ko jirgin da ya hau ya wanke shi ko bai wanke shi ba. A ginshiƙi na 5 kuma kada a tsaya ga “takardar fili”. Rubuta lambar fuloti, unguwa da lambar takardar mallaka in akwai.

Jerin aiki a kan tebur

Dokar gida ɗaya ce: rajista kafin hatimi. Da zarar an buga hatimi, hankalin mai takarda ya koma bakin ƙofa, kuma “bari in dawo in sa hannu” ba a cika dawowa ba. Don haka jerin shi ne: mutum ya bayyana da kansa, ka duba shaidarsa, ka karanta takardar ka tabbata babu gurbin da aka bari fayau, ka yi masa tambayoyi ka gamsu ya san abin da zai sa wa hannu kuma ba tilasta shi aka yi ba, a cike layin rajista, ya sa hannu a rajista, ya sa hannu a takarda kana kallo, sannan ka rubuta shaidarka, ka sa hannu, ka buga hatimi, a ɗauki kwafi, a ba shi rasit.

Akawu na iya cike suna da adireshi, amma duba fuska da katin shaida, da rantsarwa, da kallon sa hannu, naka ne kai kaɗai. Kuma tun kafin a kai nan, duba ko kana da hannu a cikin lamarin. Sashe na 112 na Dokar Shaida ya hana karɓar takardar rantsuwar da aka yi gaban lauyan wanda za a gabatar da ita dominsa, ko abokin aikin lauyan, ko akawunsa. In shari'ar ofishinku ce, tura mutumin wani wuri.

Gane mutum: inda aka fi tuntuɓe

Karɓi asalin katin, ba fotokwafi ba, ba kuma hoton da ke cikin waya ba. Waɗanda aka saba gani su ne fasfo, lasisin tuƙi, katin zaɓe, da katin ɗan ƙasa ko takardar NIN mai lamba 11. Rubuta irin katin, hukumar da ta bayar da ranar ƙarewarsa. Game da lamba, abin da ya fi shi ne a rubuta huɗun ƙarshe kawai a rajista, cikakken kwafin ya shiga fayil. Dalili: duk wanda ya sunkuya zai sa hannu yana ganin layukan da ke sama da nasa. Ajiye kwali mai taga wanda ke rufe sauran shafin, ya bar layin mai sa hannu kaɗai a buɗe.

Sunaye kuwa sai an yi haƙuri da su. Mutum ɗaya ne, amma fasfo ya ce Mohammed, katin ɗan ƙasa ya ce Muhammad, takardar fili ta ce Muhammadu. Wani a makaranta an rubuta shi da sunan garinsu, a banki da sunan mahaifi, a takardar gado da sunan kaka. Kada ka gyara wa kowa rubutun suna. Rubuta shi yadda yake a takardar, harafi da harafi, sannan a ginshiƙin ƙarin bayani ka rubuta yadda yake a katin. Idan bambancin ya wuce na haruffa, wato wani suna ne ya ƙaru ko ya ɓace, nemi shaida ta biyu ko takardar rantsuwar da ta haɗa sunayen, ka sa kwafinta a fayil. Ranar haihuwa ma kada ka dogara da ita ita kaɗai, tunda mutane da yawa 1 ga Janairu aka rubuta musu.

Mace mai niƙabi: hoton kati ba ya amfani in ba a ga fuska ba. A tanadi ɗaki na gefe, a nemi izininta cikin mutunci. In notari namiji ne kuma ta ƙi, a tura ta wurin notari mace. Abin da ba a yi shi ne mijinta ko ɗan'uwanta ya ce “ai ita ce” a rubuta an gane ta. Mafi muni shi ne miji ya kai takarda gida ya dawo da ita da sa hannu. Wannan matar ba ta bayyana gabanka ba, kuma idan ka shaida cewa ta bayyana, ka rubuta ƙarya da hannunka.

Wanda ba shi da kati ko ɗaya, kamar tsoho daga ƙauye, a nemi mutum biyu da suka san shi, masu katinsu, waɗanda ba su da riba a takardar. Su ma a rubuta su cikakke, su sa hannu, a faɗi shekara nawa suka san shi da kuma ta wace hanya. Idan kamfani ne, rubuta sunansa da lambar rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, muƙamin mai sa hannu, da takardar da ta ba shi iko, kamar ƙudurin daraktoci.

Wanda bai karanta harshen takardar

A nan ne yawancin takardu ke faɗuwa a kotu. Malami na iya karanta Larabci da ajami kamar ruwa, amma takardar da ke gabansa da Turanci take. A wurin notari tambayar ita ce: wannan takardar, da wannan harshen, yana iya karanta ta ya fahimta? In a'a, a karanta masa, a fassara masa.

Sashe na 119 na Dokar Shaida ya bukaci bayanin ƙarshen takardar rantsuwa ya nuna rana da wuri da wanda aka yi rantsuwar gabansa. In mai rantsuwar makaho ne ko bai iya karatu ba, a faɗi haka, a kuma faɗi cewa an karanta masa ko an fassara masa kuma ya nuna ya fahimta. Abin da ka rubuta a can ya dace da na rajista. Misali: “An fassara masa daga Turanci zuwa Hausa, shafi 1 zuwa 4, ta bakin tafinta wane, ya maimaita da bakinsa cewa yana ba ɗansa ikon karɓar haya, ban da sayarwa.” Wannan jimla ta ƙarshe ta fi “ya ce ya gane” daraja nesa ba kusa ba, domin mutanenmu kan ce “na gane” don kunya. Tambaye shi, “Baba, me takardar nan ta ce?” ka rubuta amsarsa a taƙaice.

Tafinta kada ya zama wanda zai ci moriyar takardar. Ɗan da za a ba wa wakilci ba ya fassara wa uba takardar wakilcin. Rubuta sunan tafinta, adireshinsa da shaidarsa, ka rantsar da shi, ya sa hannu. In kai ne ka fassara, rubuta haka.

Dangwale kuma a yi shi da kyau: tawada kaɗan, a ɗora yatsa sau ɗaya a ɗaga, ba murzawa. In ya dagule, kada a shafe, a sake a gefensa. Rubuta wane yatsa ne, na dama ko na hagu, in kuma an yi da wani yatsa saboda rauni ko lalle mai kauri, a faɗa. Ko mai iya sa hannu, in takardar ta fili ce ko ta wakilci, ya dangwala a rajista.

A aikin rantsuwa, nuna ko rantsuwa ya yi da Alƙur'ani ko Baibul, ko kuwa tabbatarwa ya yi ba tare da littafi ba. Dokar Rantsuwa ta yarda da duka biyun, Musulmi da yawa kuma tabbatarwa suke zaɓa.

Tabbatar da kwafi

Rubuta abin da idonka ya gani: asali ne, mai lamba kaza, shafi kaza, an lulluɓe shi da leda ko ba a lulluɓe ba, akwai alamar kankarewa ko babu. Ka ɗauki kwafin a ofishinka, ko ka gwada wanda aka kawo da asalin layi-layi. Shaidarka tana cewa kwafin ya dace da takardar da aka nuna maka, ba ta cewa makarantar da ke jiki ce ta bayar. Takardun hukuma kuwa, kamar hukuncin kotu ko abin da ke ofishin rajistar filaye, sashe na 104 ya ɗora tabbatar da kwafinsu a kan jami'in da ke riƙe da su; hatimin notari ba ya maye gurbin wannan. Haka ma shaida takardar cinikin fili ba ta zama izinin gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bukata, ba ta kuma zama rajista a ofishin rajistar filaye, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja. Faɗa wa mai takarda haka, ka rubuta cewa ka faɗa.

Kuskure, gurbi da kwanan watan baya

In an yi kuskure, ja layi ɗaya siriri yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, rubuta daidai a sama, sa haruffan sunanka da kwanan wata. Ban da farin ruwan gogewa, ban da kankarewa da reza, ban da yage shafi. Layin da aka tsallake bisa kuskure a ja masa layi a rubuta “ba a yi amfani da shi ba”.

Kada a bar gurbi don wani. Za a zo maka da roƙo: “Barista, taimaka ka sa ranar Litinin da ta wuce, wa'adin ya ƙare.” Rajistar da ke tafiya a jere ita ce amsarka, domin babu inda za a cusa shi. Takarda na iya ɗauke da ranar da aka rubuta ta, amma ranar shaidarka ita ce ranar da mutumin ya tsaya gabanka. In ka manta ba ka shigar da wani aiki ba, shigar da shi a layi na gaba da ranar yau, ka bayyana ranar da aka yi shi da dalilin jinkiri.

Aikin da ka ƙi yi ma ya samu layi: wa ya zo, da wace takarda, me ya hana. Rubuta abin da ka gani kawai, kamar “hoton kati bai dace da fuska ba” ko “ba ta iya faɗin abin da takardar ta ƙunsa ba”. Kada ka rubuta “ɗan damfara ne”.

Idan aikin a waje ne, a gida ko asibiti ko gidan gyaran hali, littafin ya bi ka. Rubuta adireshin, ɗakin, da duk wanda ke wurin. Ga majinyaci, sa 'yan'uwa su fita na ɗan lokaci ka yi magana da shi shi kaɗai, ka rubuta tambayoyin da ka yi da amsoshinsa. In likita ya ba da takardar cewa yana cikin hayyacinsa, kwafinta ya shiga fayil.

Fayil, da takardun da za su ƙetare iyaka

Kowace lamba da fayil ɗinta: kwafin takardar bayan an buga hatimi, kwafin katin shaida, takardar iko, da kwafin rasit. Takarda mai shafi da yawa a sa haruffan suna a kowane shafi, a ɗaure da zare ko ƙyalle, a ɗora hatimi a kan ƙullin, don kada a musanya shafin tsakiya.

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sauƙaƙa karɓar takardun wata ƙasa a wata, saboda haka takardar da za ta fita waje yawanci sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ta je. Rubuta ƙasar a ƙarin bayani, domin tambayar tabbatarwa na iya zuwa bayan watanni, kuma da lamba za a neme ka. Masu hulɗa da Maraɗi ko Damagaram su lura cewa notari a Nijar tsarin Faransa yake bi: shi ke riƙe asalin takardar da ya rubuta, ya ba masu ita kwafi. A Najeriya asali na tafiya da mai shi, shi ya sa kwafin fayil ke da muhimmanci haka.

Aiki ta intanet

Dokar 2023 ta halatta shaida takarda ta na'ura, har da ta bidiyo, bayan notari ya yi rajistar hakan wurin Babban Magatakardan Kotun Ƙoli. Irin wannan aiki ya shiga jerin lambobi ɗaya da sauran. Ƙara manhajar da aka yi amfani da ita, inda mai sa hannu ya ce yake, lokacin farawa da gamawa, da sunan fayil ɗin bidiyon. A ɗauki zaman gaba ɗaya tun daga nuna kati ga kyamara; in layi ya yanke, a faɗi lokaci da baki a sake tabbatar da mutumin. Adana bidiyon wuri biyu, a kulle da kalmar sirri. Rajistar da aka buga a Excel kawai ba ta da ƙarfi, tunda kowa na iya canja ta ba alama. Ta zauna a matsayin abin neman suna da sauri, littafi kuma ya ci gaba.

Ajiya

Littafi da hatimi a kabad ɗin ƙarfe mai makulli, makullin a hannunka. Ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa da damina, domin gara da danshi sun fi ɓarawo cin takarda. Duk ƙarshen wata a ɗauki hoton shafukan da aka cike, a ajiye a wani gini daban.

Ba kowa ke buɗe rajista ba. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi abin da ke ciki. Wanda abin ya shafa ya nema a rubuce, a ba shi kwafin layinsa kaɗai. Kotu in ta nema, ka kai littafin da kanka. 'Yan sanda ko wata hukuma su kawo takarda, ka rubuta wa ya gani da ranar da ya gani.

Dokar Hana Halatta Kuɗin Haram ta 2022 ta lissafa notari cikin masu ajiye bayanan hulɗa na aƙalla shekara 5. Wannan mafi ƙaranci ne. A Abuja da Legas wa'adin shigar da ƙara kan kwangila shekara 6 ne, kan fili shekara 12, rigimar gado kuma takan jira mutuwar mai sa hannu. Don haka fayilolin fili, wakilci da wasiyya su haura shekara 12, littafin rajista kuma ba a zubar da shi. In ya cika, rubuta ranar rufewa da lamba ta ƙarshe, ka sa hannu, ka rubuta shekarun a ƙashin bayansa.

Idan littafi ko hatimi ya ɓata, kai rahoto wurin 'yan sanda a ranar, karɓi takardar rahoton, rubuta wa Babban Magatakardan Kotun Ƙoli, ka yi sabon hatimi mai wata alama da ta bambanta shi da tsohon. A shafin farko na sabon littafi rubuta lamba ta ƙarshe da ka sani da ranar ɓatan, ka ci gaba daga lambar da ke biye. Sannan tun kana kan aiki ka rubuta wasiƙa ka ajiye a ofis, mai nuna wane lauya ne zai karɓi littattafan in ka yi ritaya ko ta Allah ta kasance, da umarnin a lalata hatimin a gaban shaidu biyu.